Sallamar da Aka Yi wa Sajan Habu

Ina shanya dawa a tsakar gida bayan azahar, Kofur Isa, abokin aikin ƙanena Habu, ya yi sallama. Ya kasa ɗaga kai. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. An harbe Sajan a hanyar Mai'adua." Na yi salati, na zauna a kan dawar.

Habu ɗan sanda ne da ban taɓa ganin gaggawarsa ba. Ko yara ne suka yi faɗa a gidan nan, sai ya sa kowa ya sha ruwa kafin ya ji ta bakinsa. Yakan ce min, "Yaya, yatsa ba shi da hankali, ba na barin nawa ya riga ni yanke hukunci." In abu ya rikice a bakin aiki, sai ya ja numfashi, ya yi Hasbunallahu a zuci, sannan ya duba wa ke gabansa, wa ke bayan wancan.

Ranar, in ji Isa, an sanar da su wani ɗan fashi zai biyo a babur. Ya iso kuwa, ɗauke da wata tsohuwa da ya tsinta a hanya. Isa ya saita bindiga, Habu ya ce, "Sauke. Harsashi bai san tsohuwa ba." Mutumin ya tsaya, ya yi sallama, ya miƙo hannu. Habu ya amsa, ya ba shi hannun dama, hannun bindigarsa. Mutumin ya riƙe hannun gam, ya harbe shi da hagu.

An kama ɗan fashin. Dattawan garinsu sun zo suna roƙon in yafe, in lallashi matar Habu ita ma ta yafe. Na yi karatu, na san ladan yafiya, na kuma san Allah ya ba mai jini haƙƙinsa. Na ce wa babbansu, "Baba, alkawarin aminci ya yi masa da sunan Allah, ya kashe shi hannu cikin hannu. Ban yafe ba." Ina so in ga hukuncinsa da idona tun a nan, na can kuma Allah ya isa.

Tsohuwar tana raye. Ta zo gaisuwa.

Allah ya jiƙan Habu, ya haskaka makwancinsa, ya raya marayunsa, ya sanyaya zuciyar uwarsu. Allah ya sa mala'ikun rahama su tarbe shi da sallamar da ba ta cin amana. Amin.