Sukudireba a Haƙori

Babanmu bai taɓa zama bakanike ba, kuma in kana so ka ɓata masa rai tun da safe, to ka kira shi da wannan suna. Ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu layi-layi, kuma ashirin da shida daga cikinsu a kan babur ɗaya ya yi su, wani ja mai faffaɗan tanki da ya saya tun ina goye. Duk tsawon shekarun nan ba hannun da ya taɓa kwance wa babur ɗin noti sai nasa.

A gefen ƙofar gidanmu akwai wani ɗaki da aka gina don mota. Motar ba ta taɓa zuwa ba, sai ɗakin ya zama garejin Baba. Da ka shiga za ka ga allon katako a bango, an kafa masa ƙusoshi, kowace sifana da ƙusarta, ya zana surarta da fenti a bayanta don ya san wadda ta yi ƙafa. Gwangwanayen madara a jere a kan taga, wannan na noti, wannan na wasa, wato zoben da ake sa wa noti, wannan na tsofaffin fulogi da ya ƙi zubarwa. In zai kwance wani abu, kwalin ƙwai yake ajiyewa a gefe, yana saka kowane noti a raminsa bi da bi, in ya zo ɗaurawa sai ya faro daga ƙarshe. A ƙarƙashin babur kuwa kullum akwai farin kwali. Da safe kafin ya sha shayi sai ya janyo shi ya duba, in ya ga ɗigon baƙin mai ko ɗaya ne, to ranar shayin nan sai ya huce.

Inna ta yi asarar kwanuka a ɗakin nan ba adadi. Farantin silba da take ji da shi, a ciki Baba yake wanke kafireta da fetur. Ta yi faɗa, ta yi fushi, ta ɓoye, ya nemo. Daga baya ta haƙura ta ce ta bar wa Allah.

'Yan layinmu Bari-in-ji suke ce masa. Dalili kuwa, duk wanda ya turo babur ɗinsa ƙofar gidanmu ya fara dogon bayani, Baba sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari in ji." A tayar da inji, ya karkata kai, ya lumshe ido, minti ɗaya bai cika ba sai ya ce sarƙa ce ta saki, ko fulogi ne ya ci wuta. Ba ya gyara wa kowa. Zai faɗa maka ciwon, ya ara maka sifana, ya zauna a kan benci yana yi maka tsiya har ka gyara da hannunka. Mai shagon kusa da mu ya taɓa ce masa ya buɗe wurin gyara mana, ya samu na kashewa. Baba ya ce, "In na gyara maka yau, gobe ma ni za ka nema. Riƙe sifanar da kyau, ba cokali ba ne."

To wannan mutumin ne kunnensa ya fara tafiya bayan ya yi ritaya. A hankali abin ya zo. Rediyo ya riƙa ƙara murya har maƙwabta suna jin labarai a gidanmu kyauta. Ka ce masa an kawo wuta, ya ce wa ya mutu. Likita ya ba shi wata 'yar na'ura ta sakawa a kunne, ya sa ta kwana biyu, ya ce tana yi masa kukan sauro, ya jefa ta cikin gwangwanin tsofaffin fulogi. Duk wanda ya ce ba ya ji, sai ya ce mutanen yanzu ne ke magana ciki-ciki.

Sai babur ya fara wata ƙara. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, siririya, amma tana shiga kai. Ni da nake zuwa gidan sau biyu a mako na ji ta. Inna ta ji ta daga kicin. Mai shagon ma ya ji, ya yi shiru don kunya. Mako guda Baba yana fita yana dawowa da ƙarar nan a tsakanin ƙafafunsa, fuskarsa fes, bai san ana yi ba. Wallahi ranar da na gane haka sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Yayanmu, babban ɗan gidan, shi ba ya kuka, hukunci yake yankewa. Ya zo ranar Laraba, ya tarar da babur a gareji, ya zare makullin ya sa a aljihu. Sannan ya durƙusa gaban Baba, ya ɗaga murya yadda zai ji.

"Baba, ka yi haƙuri. Injin da kake zaune a kansa yana ihu mako guda ba ka ji ba. Yaya za ka ji motar da ke bayanka? Hawan babur ya ƙare. Duk inda za ka, ni zan kai ka."

Baba ya dube shi ya ce, "Wace ƙara?"

Ni da Yaya mun yi ta a tsakar gida ranar, har Inna ta ce mu fita mata daga gida. Na ce masa mutumin da ya kai ka makaranta a kan tankin nan, shi za ka zare wa makulli kamar yaro? Ya ce gara ya yi fushi da ni yana raye. Na ce kai dai ka cika son mulki tun muna ƙanana. Ya ce ni kuma bakina ya fi hankalina gudu. Baba na zaune yana bin bakunanmu da ido. Da muka gaji sai ya yi gyaran murya.

"Babba," haka yake kiran Yaya, "ka ce akwai ƙara. Na yarda, tunda ba ka saba yi min ƙarya ba. Ka zo ranar Asabar da makullin. Kada kowa ya nuna min inda take. In na gano ta na kashe ta, ka ba ni kayana. In na kasa, ka tafi da babur ɗin gaba ɗaya."

Yaya ya amince da sauri, don ya riga ya tambayi wani bakanike abokinsa, an ce masa fistin ne, sai an sauke inji.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a gareji, ni da Inna da Yaya, mai shago yana leƙe daga bakin ƙofa wai iska yake sha. Yaya ya sa makulli ya buga kik. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Baba ya karkata kai yadda ya saba, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Da ya buɗe ido na san bai ji komai ba.

Ya miƙe ya ɗauko doguwar sukudireba mai mariƙin katako daga allo, ya goge mariƙin da gefen rigarsa, ya dafa bakinta a jikin inji, sannan ya sunkuya ya ciji mariƙin da haƙoransa.

Inna ta ce, "Yau na ga ta kaina! Malam, haƙoran da suka rage ɗin za ka ƙarasa?"

Bai ji ta ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba, da Baba ba ka rantsuwa. Ya fara daga ƙasa, wajen da baƙin mai yake kwanciya. Ya ɗan tsaya, ya girgiza kai. Ya matsa tsakiya, inda fistin ke kai da kawowa, ya daɗe a nan, yatsansa ɗaya yana bugun gwiwarsa. Ya sake matsawa sama, kan injin, gefen baya. Sai ya koma gefen gaba, wajen da salansa ta fito. Nan na ga girarsa ta ɗaga. Yatsan ya rage sauri, yana bugu ɗaya-ɗaya. Ya cire sukudireba daga baki, ya tofar da yawu a tsumma, ya ce wa Yaya ya kashe.

"Abokinka cewa ya yi fistin ne, ko?"

Yaya ya yi tsuru-tsuru, don bai faɗa wa Baba ba.

"Haka suke cewa kullum. Fistin lafiyarsa ƙalau. In ya yi bugu biyu, ƙarar nan ɗaya take yi, to a sama take. Bawul ne na gaba, notinsa ya saki, rata ta yi yawa." Ya juyo gare ni. "Uwata, in kin taɓa tukunya kika ƙone, me kike cewa?"

Na ce, "Na ji zafi."

"In miya ta yi gishiri?"

"Na ji gishiri."

"To wa ya ce muku da kunne kaɗai ake ji? A kawo min shayi, sai injin ya huce. Ba a auna bawul da zafi."

Awa biyu muka zauna muna jiran ƙarfe ya yi sanyi. Yaya sai duba agogo yake, Baba kuwa ya miƙe ƙafa yana ba mai shago labarin wani kare da ya bi shi shekara tara a layi ɗaya. Da ya dafa injin da bayan hannu ya ji ya huce, sai ya janyo kwalin ƙwai. Ya buɗe ɗan murfin da ke kan injin, ya juya inji a hankali har ya kai inda yake so, ya kama bawul ɗin da yatsa biyu ya girgiza. Ko ni na ga yana rawa. Ya ɗauko sabuwar reza daga aljihu, don shi da ita yake awo tun fil azal, ya zura ta a ratar, yana ɗaure sukurun kaɗan-kaɗan har rezar ta riƙa wucewa da ɗan ja. Ya riƙe, ya ɗaure noti, ya sake aunawa, ya mayar da murfi. Duka-duka aikin bai kai minti ashirin ba.

Yaya ya buga kik. Injin ya tashi sumul, ba ƙwas ba ƙis. Inna ta saki guɗa, mai shago ya manta iska yake sha ya shigo yana tafi. Ni kuwa na juya na kalli Yaya, na yi masa irin kallon da ƙanwa kaɗai ta iya. Ya sauka daga kan babur, ya bar makullin a jiki, ya ce, "Baba, na sha kaye. Kayanka ne."

Baba ya wanke hannu da garin sabulu, ya sa hularsa, ya tura babur waje ya jingina shi a kan 'yar ƙafar ƙarfen da ke gefensa, ya tsaya yana gyara madubi. Sannan ya hau, ya sa giya, ya ja. Bai ɗage ƙafar ba.

Inna ce ta fara gani. "Malam! Ƙafa! Ƙafar babur!" Na ɗauki ihun, Yaya ya ɗauka, mai shago ya ɗauka, masu zama a bakin layi suka miƙe suna ihu. Wani mai mota da ke bayansa ya danna hon ya ƙi saki. Baba yana tafe abinsa, bayansa a miƙe, cikin jin daɗi. A ƙarshen layinmu kwanar hagu ce, kuma ƙafar a hagu take. Yaya ya zubar da takalma ya bi shi da gudu. Ni ban san lokacin da muryata ta dushe ba.

Ya karya kwanar. Ƙarfe ya daki kwalta, babur ya yi tsalle ya yi tsakiyar titi da shi, ya yi tangal-tangal. Hannun da ya shekara ashirin da shida a kan kan babur ɗin ne kawai ya cece shi. Ya dafe ƙasa da ƙafa, ya tsaya. Ya dubi ƙasa, ya ɗage ƙafar da dunduniya. Sai ya waiwayo ya ga layi guda a tsaye, baki buɗe, ga babban ɗansa yana haki ba takalmi.

A hankali ya dawo, Yaya na biye da shi a ƙasa. Ya shiga gareji ya kashe inji, ya zauna a kai bai sauka ba.

"Uwata, kun kira ni?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Mun kira, Baba."

"Ku nawa?"

"Duk layin. Har da hon na mota."

Ya gyaɗa kai. Mantuwar ƙafa ba ta dame shi ba, kowane mai babur ya taɓa yi. Ya dubi Inna da ke riƙe da ƙirji, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya zare makullin da kansa, ya kamo hannun Yaya, ya buɗe tafin, ya saka masa, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Ranar Laraba ƙwacewa ka yi, shi ya sa na karɓi abina. Yau ni na ba ka."

Yaya, mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, ya durƙushe a kan farin kwalin nan yana kuka wiwi. Baba ya sauka, ya dafa kansa, ya ce ya tashi haka nan, ya je ya ɗebo takalmansa a titi kafin mota ta taka.