Amin Ɗin da Edelgard Ba Ta Rera Ba

A garinmu, can tsakanin duwatsun Saksoni, babu abin da tsofaffin mawaƙan coci ke tsoro kamar furanni. Al'ada ce da muka tarar. Duk wanda muryarsa ta gaji, ran Lahadi bayan sujada sai shugaban mawaƙa ya miƙa masa damin furanni, a yi masa jawabi mai daɗi, a tafa. Daga nan ya sauko daga benen da mawaƙa ke tsayawa, ya koma bencin ƙasa cikin jama'a. Ban taɓa ganin wanda ya sake hawa ba.

Edelgard Zschau shekararta arba'in da ɗaya a benen nan. Ta hau shi tana budurwa mai aiki a masaƙar leshi, a nan kuma ta fara ganin Gotthard, wanda ya aure ta, yana layin baya cikin maza masu kaurin murya, kullum yana gyara tabarau. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu sai gidan ya yi mata faɗi. Abin da ya rage mata a duniya shi ne gwajin waƙa na ranar Talata, da sujadar Lahadi, da gahawa da kek ɗin tuffa da mata ke haɗuwa a kai bayan gwaji, ana cin naman maza a ɗan huta.

Shekara uku kafin wannan labari aka yi mata aiki a maƙogwaro. Magana ta dawo, ko da yake a dishe, amma waƙa ta tafi ke nan. Ta rufe tagogin kicin ta gwada ya fi a ƙirga, abin da ke fitowa sai ka ce ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba. Ta zauna ta yi kukanta ta share. Da Talata ta zagayo ta ɗauki littafinta ta hau bene, ta buɗe baki tare da kowa, ta ɗaga ƙirji, ta juya shafi daidai lokaci, amma ko ƙwayar sauti ba ta fitar ba. Haka ta yi ta yi. Cocin na dutse ne, amsa-kuwwa na cike kowane giɓi, ga shi kuma wadda ke gefenta Roswitha Lenk ce, matar mahauci, mai muryar mutum uku da bakin da ba shi da linzami.

Tsoro dai bai bar ta ba ko rana ɗaya. In ta ga shugaban mawaƙa, Malam Riemer, ya tsaya gaban shagon mai furanni, sai ta sauya hanya.

Sai ga shi wata Talata, dusar ƙanƙara ta rufe gari, Malam Riemer ya zo yana washe baki. Ya ce mutane za su zo daga birni su ɗauki waƙoƙinmu na makon gicciye a faifai.

Roswitha ta zungure ta da gwiwar hannu. "Ke ƙawata, za mu shiga faifai. Ko na mutu mijina bai huta da muryata ba."

Edelgard ta yi dariyar yaƙe. Ranar ko kek ɗin ba ta ci ba.

Mutanen birnin suka iso ran Asabar da hantsi da motar kaya. Aka tsayar da agogon hasumiyar coci don kada bugunsa ya shiga faifan, aka ce kowa ya cire takalmi domin katakon bene na ƙara, mutum talatin muka tsaya da safa kamar 'yan makaranta. An kafa makirfo gaban kowane rukuni, ɗaya kuwa yana kallon bakin Edelgard kai tsaye. Mai ɗaukar sautin, wani siririn mutum mai suna Dittrich, ya shige ɗakin da fasto ke sa riga ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Ba ka ganinsa, sai dai muryarsa ta faɗo daga lasifika.

Waƙa huɗu suka wuce lafiya. Ta biyar ita ce mai dogon Amin a ƙarshe, inda mata masu ƙasan murya ke rabuwa bibbiyu, kowane biyu da sautinsu. Ƙa'idar irin wannan wuri kowane mawaƙi ya san ta: ba ku numfashi tare. In ɗaya ta saci numfashi ɗaya ta riƙe, sannan su yi musaya, don kada sautin ya yanke. Abokiyar Edelgard a nan Roswitha ce. Ranar kuma Malam Riemer ya ce zai ja Amin ɗin ninki biyu na yadda aka saba, saboda faifai.

Aka rera. Aka yi tsit. Sai lasifika ta ce, "Maigida, akwai rami. Cikin matan hagu, tsakiyar Amin, sauti ɗaya ya ɓace kamar ƙiftawar ido."

Zufa ta keto wa Edelgard duk da sanyin da ake yi. Aka sake. Wannan karon ta ji da kunnenta: Roswitha ta ja numfashi, wurin ya zama wayam.

"Yana nan," in ji Dittrich. "Kamar mutum ɗaya ne a kan sautin nan."

Malam Riemer ya sauke tabarau ya bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Sau ɗaya za mu ƙara. In bai toshe ba, zan saurari kowacce ita kaɗai."

Edelgard ta sunkuyar da kai kan littafinta. Ta ga kanta tsaye ita kaɗai gaban mutum talatin, ta buɗe baki, ƙofar nan ta yi ƙara, na'ura kuma tana ɗauka. Ta ga furannin, har launinsu ta gani. Ta yi niyyar ta ce cikinta na ciwo, sai ta ji an damƙe mata hannu.

"Tsaya inda kike," Roswitha ta raɗa mata, ba ta ko dube ta ba. "Ki buɗe bakin nan da kyau."

Aka ɗauko waƙar daga farko. Da aka kai Amin, Roswitha ta cika ƙirji ta kama sautin. Wurin da ya kamata ta numfasa ya zo ya wuce. Edelgard, baki buɗe, tana kallonta ta gefen ido. Jijiyoyin wuyan Roswitha sun tashi, fuskarta ta yi ja, daga nan ta koma fari fat, hannun Malam Riemer kuwa yana sama ya ƙi saukowa. Mace mai shekara sittin da takwas, mai shan maganin zuciya safe da yamma. Wani sabon tsoro ya kama Edelgard, wanda ya shafe na farkon: matar nan za ta faɗi a gabanta.

Hannun ya sauka. Bayan an gama waƙa dole a yi shiru har sautin ya mutu a cikin ginin, Roswitha kuwa ta danne hakinta har wannan ma ya wuce. Sai da lasifika ta ce "Madalla, ya yi" sannan ta zube a benci tana haki.

Edelgard ta durƙusa gabanta. "Kin sani ashe?"

"Ke dai akwai sakarci." Roswitha na magana tana tsayawa. "Kafaɗata na gogar taki, a ce ban sani ba? Shekara uku ina riƙe Amin ɗin nan ni kaɗai. Gajeren ina iyawa." Ta dafe ƙirji. "Amma ƙawata, na fara jin tsoronsa. Duk Lahadin da za a yi shi ba na iya karyawa."

Edelgard ta kama hannunta ta riƙe. Ita a zatonta amsa-kuwwar coci ce ke rufa mata asiri.

Washegari Lahadi ta biya ta gidan mai furanni ta ƙwanƙwasa, ta sayi dami guda da kanta. Ta miƙa wa Malam Riemer a bakin matakala ta ce ya riƙe, bayan sujada ya ba ta, kuma kada ya tsawaita jawabi. Sannan ta nemi benci a ƙasa, daidai inda za ta iya hango Roswitha.

Faifan ya fito da bazara, sunan Edelgard na cikin jerin da ke bayan kwalin. Har ta rasu tana sa shi duk ranar Talata. In an kai Amin sai ta ajiye kofinta ta riƙe numfashi tare da ƙawarta, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kai ƙarshe ba.