Dije ta Kwaya, wadda ta shayar mini da ɗa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Dije ta rasu.

Da safen nan ina shanya wanki waya ta yi ƙara. Ƙanenta ne daga Kwaya. Ya ce, "Madam, 'yar'uwarki ta riga mu gidan gaskiya." Zanen da ke hannuna yana can ƙasa inda ya faɗi, har yanzu ban ɗauke shi ba.

Yawancinku ba ku san ta ba. Ba ta riƙe waya, ba ta yarda a ɗauke ta hoto, shi ya sa kuka ga rubutu tsura. Kuma zan faɗi abin da mace mai shekaruna ba ta saba faɗa a bainar jama'a ba. Masu jin kunya su yi haƙuri, ba yadda za a yi in ba da labarin Dije ban ambaci nono ba.

Farkon shekarun 1970 aka tura maigidana koyarwa a lakwal, makarantar boko ta Kwaya, ina amarya. Dije ce maƙwabciyarmu, zana kawai ta raba mu. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Ita ta laƙa mini Madam don tsokana, wai matar mushe, wato malamin lakwal, ba ta iya riƙe taɓarya ba.

Ba ƙiwa ce ta hana ni ba. Tun ina budurwa nonona ya yi wani irin girma da ya wuce misali, kuma bai tsaya ba. Wuya ciwo, baya ciwo, kafaɗa duk shatin igiyar da nake ɗaurewa. Da bazara ƙasansa ya saɓule ya yi ta ruwa. In na yi ruku'u sai na dafa bango nake miƙewa. Mata na ce mini, "Ke dai kin ji daɗi, 'ya'yanki ba za su san yunwa ba." In yi dariya, in shiga ɗaki in yi kuka.

Dije ce kaɗai ta taɓa cewa, "Buɗe in gani." Ta duba sosai. Can ta ce, "Wannan ba ado ba ne, Madam, dako kike yi ba lada."

Daga ranar ta karɓe mini daka da ɗaukar ruwa. Ban roƙe ta ba.

Da aka ji wani likita baƙo ya zo asibiti a Damagaram yana irin wannan aiki, ita ta tsaya wa maigidana a kai sai da ya yarda. Ita ta raka ni. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, ta zauna ta jingina ni da jikinta tun daga Magariya, don kar gargada ta wahalar da ni.

Likitan ya sa na miƙe tsaye ya zana ni da alƙalami. Wata ma'aikaciya tana mayar mana da Hausa. Ya ce zai yanka kewayen kan nonon, sannan ya ja layi ɗaya tak ya sauka ƙasa. Ta nan zai rage naman, ya ɗaga kan nonon sama ba tare da ya raba shi da tsokarsa ba, don jini ya ci gaba da isa gare shi. Ba zai yi yankan gicciye a ƙarƙashi ba, inda gumi ke taruwa. Na tambaye shi maganar shayarwa. Ya ce ruwa yana iya raguwa, amma in na haihu in sa yaro ya yi ta tsotsa, tsotsa ce ke kiran nono.

Dije ta riƙe wannan maganar fiye da ni.

Ranar da aka fara buɗe bandeji na fashe da kuka. Abu ya haye sama, ƙasansa a tattare kamar bakin buhun da aka ɗaure. Na ce an lalata ni. Dije ta ce, "To mai gaggawa, an ce miki zai kwanta. Ko fura aka dama ai sai an bar ta ta zauna." Ita ta koyi wanke ɗinkin, ta ci gaba da yi mini da muka koma gida. Bayan 'yan watanni tattarar ta baje, ya sauko ya yi daidai, sai ɗan siririn layi. Ciwon baya ya tafi. Ranar da na fara daka ta leƙo ta saman zana ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka ɗauka haihuwa aka yi.

Haihuwar kuwa ta zo a shekarar fari, lokacin da rumbuna suka koma wayam, awaki suka ƙafe. Dije na goye da 'yarta Hauwa, 'yar watanni kaɗan. Ni kuma na haifi ɗana na fari.

Uwar mijina ta zo zaman jego. Ta ga layin a ƙirjina, ta ce nonon da wuƙa ta shiga ba a ba jariri sai an gwada. Aka kira ungozoma, ta tatsi ɗan abin da ya fito a ludayi, ta jefa tururuwa ciki. A al'adarmu in tururuwa ta fita, nono lafiya lau. In ta maƙale, nono ya ɓaci. Nawa ɗan kaɗan ne, ga kauri, irin na farkon haihuwa. Tururuwa ta maƙale.

Dije ta ce, "Inna, likita fa ya ce a sa yaro ya tsotsa." Tsohuwa ta ce, "Likita ne zai binne mana shi?" Duk aka juyo ana kallona. Ɗan fari ne, a lokacin ko kallonsa ba a so uwa ta yi a gaban manya, balle ta yi musu a kansa. Na sunkuyar da kai.

Kafin suna ɗan abin da ke jikina ya ƙafe.

Aka samo nonon akuya da ƙyar, ya sa shi zawo. Kukansa ya fara dushewa. Wata rana da hantsi sai ga Dije ta ɗaga zana ta shigo, hannunta duk man gyaɗa. Ta goge a zaninta, ta ɗauke shi ba ta tambayi kowa ba. Ta ce, "Ina jin sa daga can, tuyata ta ƙi yiwuwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Haka ta haɗa su biyu, Hauwa a dama, nawa a hagu. Ita da ke cin tafasa da ɗan kunun dusa. Mukan aika mata da abin da muka samu, ta ci rabi ta tura wa mijinta rabi. Ina kallo wuyanta ya zurma.

Nono bai ishi biyu ba. Hauwa ta fi wayo, ta fara shan kunu, sai Dije ta yaye ta tun ba ta fara tafiya ba, ta kai ta wurin kakarta a Sassumbrum yadda ake yi. Na ce mata, "Dije, bai yi wuri ba?" Ta ce, "Ita tana da haƙori, shi fa?"

Daga faɗar wannan ban ƙara ba. Raina ya so a yaye ta, Allah ya sani.

Ƙyanda ta shigo Sassumbrum da bazarar nan. Ta sami Hauwa ba ƙwari. Dije ta je, ta dawo da zanen goyo a hannu. Ta shigo gidanmu kai tsaye, nononta ya cika, ta ɗauki yaron ta sa masa. Hawayenta na ɗiga a kansa yana sha.

Allah bai ƙara ba ta haihuwa mai rai ba. Yaron nan shi ne wanda kuka sani da Ɗan Dije, yau yana da jikoki.

Na sha gaya wa kaina kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma ni na san wa ya sha nonon Hauwa. Duk ranar da na miƙe daga sallah ba tare da na dafa bango ba, sai na ji daɗi, sai kuma na ji nauyin daɗin.

Ganinmu na ƙarshe bayan girbin bara ne. Na same ta zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ido ya yi rauni amma baki na nan. Da matan gidan suka fita ta ce, "Madam, buɗe in ga ɗinkina." Ta shafa layin da yatsa, ta ce, "Kai, mutumin nan ya iya miƙe layi. Ga mu duk mun lanƙwashe, shi yana nan."

Muka yi dariya. Sai na ji in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba. Na ce, "Dije, maganar Hauwa."

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

Ta ce, "Kar ki sa in ce miki ba komai. Akwai komai. Ba ranar da ba na tuna ta." Ta ci gaba da ɓara. "Amma ko yau aka dawo da shi yana irin kukan nan, zan ɗaga zana in shigo. Ɗauki gyaɗa ki taya ni."

Na taya ta har la'asar. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban iya roƙo ba.

Na kira Ɗan Dije ɗazu. Ina gaya masa sai na ji yana neman makullin mota. Yanzu yana hanyar Kwaya. Masu kira na kuna mini ta'aziyya na gode, amma ku kira shi, shi aka yi wa rasuwar uwa.

Ya Allah ga baiwarka Dije ta zo maka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka shayar da ita daga tafkin Manzonka kamar yadda ta shayar da ɗan da ba ita ta haifa ba.

Duk wanda ya karanta, don Allah kar ya tsaya a "Allah ya jiƙanta" na rubutu, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a da sunanta. Ku haɗa da wata ƙaramar yarinya, Hauwa. Da tana raye, yau ita za ta zauna karɓar gaisuwa.