Gonarmu ta Ramin Tama

Jiya wani baƙo ya zo a kan mashin daga Ƙaura, wai yana son sayen gonarmu ta wajen Zurmi. Duk tsakuwa ce, ko gero ba ta yi. Saura kaɗan in amsa masa.

Sai Inna, mahaifiyata, ta ce, "Tambaye shi mi ya gani ga tsakuwa."

Ya yi dariya, ya ce sunan wurin ne ya kawo shi: Ramin Tama.

Inna ta dube ni. "Kakanninka maƙera ne, nan suke haƙo tama su narka ƙarfe. Wagga gona ba ta sayarwa ba ce."

Na sallame shi. Duwatsun nan sai na kai wa masana sun gwada.

Ku fa, kun taɓa tambayar asalin sunan gonarku?