Wa'il Ya Nemi Numfashi, Aka Ce Masa Ya Ci Gaba

Kai mai karatu, in ka ga mutum ya dafe ƙirji ya durƙusa a gabanka, idanunsa sun firfito, me za ka yi? Za ka ruga ka tallafe shi, ko za ka tsaya kana yaba masa? Kada ka yi saurin amsawa. Ɗaki guda na masu ilimi ya tsaya yana kallo.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa'il Shahata, ɗalibin ajin ƙarshe a wata makarantar koyon wasan kwaikwayo ta nan Iskandariyya, ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Fabrairu, bayan la'asar, yana da shekara ashirin da uku. Sanarwar makarantar ta ce "bayan gajeriyar rashin lafiya". Gajeriya kam, a nan ba su yi ƙarya ba.

Wa'il, ni ba ɗan makarantarku ba ne. Tsofaffin littattafai nake sayarwa a titin Annabi Daniyal, kuma a cikinsu na koya wa kaina karatu. Ka fara zuwa rumfata neman littattafan wasa, daga baya ka mayar da ni abokin bita. Kai ka ɗauki sarki, ni ka bar mini sarauniya.

"Shukri," ka ce, "da wannan muryar taka, ai gara sarkin ya tafi yaƙi kada ya dawo."

"To nemo wata sarauniyar mana, ɗan rainin hankali."

"Ina zan sami wadda za ta saya mini shayi?"

Sau nawa na karanta kalma a karkace a gaban mutane, ba ka taɓa gyara mini ba. Sai an watse, sai ka maimaita layin daidai kamar kana yi wa kanka bita. Na gane, ka san na gane, ba mu taɓa zancen ba. Da aka ba ka rawar da za ka taka a wasan makaranta, ta tsohon masunci, ka bi Baba Girgis mai kifi a unguwar Anfushi kana koyon tafiyarsa. Ka koya tun da wuri, amma ba ka daina ɗaukar masa kwandonsa ba har ƙarshen sanyi. Jiya ya tambaye ni ina yaron nan mai satar tafiya.

Kowa ya san kana da asma. Abin shaƙarka kullum yana aljihun rigarka. Amma malaminku, Ustaz Midhat, yana da dokoki biyu da yake alfahari da su. Ta farko, duk wanda zai shiga ɗakin bita sai ya tuɓe kansa a bakin ƙofa: takalmi, waya, agogo, rigar gida, duk a cikin kwando, ya sa baƙaƙen kaya marasa aljihu. Ta biyu, in an fara wasa ba mai fita daga rawarsa, ko rufin ɗaki ne ya rufto, sai shi ya buga sandarsa a ƙasa. Wanda ya karya wannan ya faɗi jarrabawa.

Basant, 'yar ajinku, ita ta zo rumfata ta gaya mini sauran. Ranar an sauko da tsofaffin labulaye daga ɗakin ajiya, ƙura ta cika wurin. Fitowar da ake bita ita ce wadda masuncin yake nitsewa a teku. Ka faɗi inda ya kamata ka faɗi. Ka yi haki inda aka rubuta haki. Sannan ka ɗaga hannu kana nuna ƙofa, inda kwandon yake. Suka ɗauka gaɓar teku kake nunawa. Ustaz ya miƙe tsaye ya ce, "Yauwa! Abin da nake nema ke nan tun farkon shekara! Ci gaba!"

Basant ta ce ta ga leɓɓanka sun canja launi. Ta dubi sandar, sandar ba ta motsa ba, ita ma ba ta motsa ba. Ba na zaginta. Shekara huɗu aka yi ana koya mata kada ta yarda da idonta.

Na je makarantar, mai gadi ya ce ba ni da katin shiga. Na nemi 'yan ajinku, kowa ya sunkuyar da kai, don takardar kammalawarsu tana hannun mutumin nan. Na yi ihu a bakin ƙofa har muryata ta dishe, ba wanda ya leƙo. Iyakar ƙarfina ke nan, Wa'il: baki da alƙalami. An riga an ba wani rawarka, ran Alhamis za a buɗe wasan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Hajja Nawal, da ƙanwarka Rihab, da kawunka Sabri da ya riƙe ku tun rasuwar mahaifinku. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na rasa.

A zaman makoki Hajja ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kai ne amininsa. Da mutane a kusa da shi? Sun taimake shi?" Na ce, e, akwai mutane. Rabin na biyu ban amsa ba, don ba ni ya kamata in amsa ba.

Ustaz Midhat, kai za ka amsa. Ran Alhamis zan kawo ta, in zaunar da ita a layin gaba. Kafin a ɗaga labule, ka fito kan dandamali ba tare da sandarka ba, ka dube ta a gaban jama'a, ka gaya mata abin da ɗanta yake nunawa da hannu, da abin da ka ce masa.