Kwale-kwalen Haralambie mai kujera biyu

Haralambie mai walda ne a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta garinmu, Braila. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin jinsa, yana haɗa manyan jiragen da bai taɓa hawa ba. Muna zaune bene ɗaya da shi, ƙofa na kallon ƙofa.

Duk Lahadi shi da amininsa Zamfir, direban bas, sukan tafi bakin kogin Danube da fatsa. Daga gaɓa suke jefawa, suna hangen masu jirgi can tsakiya suna ciro manyan tarwaɗa. Suka yi alkawari, ranar da suka yi ritaya za su haɗu su sayi jirgi. Wane iri kuwa, a nan gardama take. Zamfir yana son mai faɗin nan da ke zaune kan ganguna, mai rumfa da wurin gasa kifi. Haralambie yana son siririn kwale-kwale da zai kutsa cikin kyauro, inda kifi ke ɓuya.

"Kai fa ba kifi kake so ba," in ji Haralambie, "falo kake so a kan ruwa."

"Kurman banza! Da wannan tumbin nawa za ka sa ni cikin akushi? In ya kife, kai za ka yi wa matata bayani?"

Haka suka tsufa suna wannan musu, babu wanda ya sakko.

Haralambie ya riga shi yin ritaya, ya jira. Da lokacin Zamfir ya zo, bai ci fanshonsa ba sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. 'Yarsa da ke aikatau a Italiya ta zo ta tafi da shi.

Da bazara ni na raka Haralambie shagon jirage. Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta nuna masa wani ƙarami na roba mai cin mutum ɗaya.

"Baba, tunda kai kaɗai ne, wannan ya ishe ka. Gwada ka gani."

Ya zura ƙafafu, gwiwoyi suka ƙi lanƙwasuwa. Da ƙyar muka zaro shi, yana haki, bai kalli kowa ba. Ya daɗe tsaye gaban wani mai rumfa, irin wanda Zamfir yake so, yana shafa ƙarfensa.

"Wannan sai da mota mai ja, Baba, da mutum biyu wajen saukewa."

"Na sani," ya ce. "Ba ni wancan, mai kujera biyu. Abokina zai dawo."

Ranar da ya fara sa shi a ruwa ina gaɓa. Ya zauna a baya, goshin kwale-kwalen ya ɗaga sama don babu kowa a gaba. Iska ta dinga juya shi, yana tuƙi yana komawa inda ya baro. Masu fatsa suka yi ta dariya. Mako na gaba ya ɗora buhun yashi a kujerar gaba, jirgi ya daidaita. Ya shiga cikin kyauron da ya yi shekaru yana hange, ya wuni, ya dawo da kifi cike da bokiti. Ya rarraba wa maƙwabta, bai ci ko ɗaya ba.

Na ce, "Ai ka ga buri ya cika."

"Wane buri? Na ciro wani ƙato, na ɗaga kai zan yi magana, sai buhu."

Da kaka labari ya zo cewa Zamfir ya rasu, can aka binne shi. Haralambie bai sake shiga ruwa ba. Ya kife kwale-kwalen a bayan bene, ya ɗaure shi da sarƙa. Mutane sun taya, ya ƙi sayarwa. Sanyi ya tsaga robar, kuliyoyi suka haihu a ƙarƙashi.

Yanzu ba ya sauka daga bene sai in zai sayi burodi. Jiya na ƙwanƙwasa masa ƙofa, na ce ruwa ya kwanta, ko mu fita tare, in zauna masa a gaba.

"Bari kawai, maƙwabci," ya ce. "Kai duk abin da na faɗa sai ka ce haka ne."

Ya mayar da ƙofa ya rufe.