Nisa Sau Uku: Tunawa da Yaya Haliru

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka binne yayana, Malam Haliru, a Kebbe. Wani abin ƙyama da na gani bana ya sa na ɗauki alƙalami.

Bayan samun 'yancin kai, lokacin Jihar Arewa, yana koyar da fiziks a wata sakandare. In ya zo hutu gida Tambuwal, sai ya zaunar da ni ya ɗiga ɗigo biyu kusa da juna: cajin lantarki biyu masu ƙarfi ɗaya, wannan na ja, wancan na turawa. Aikina in lissafa ƙarfinsu a wani wuri mai nisa. Sai na ɗebe ɗaya daga ɗaya da hannuna, na ga ɗan abin da ya saura ana raba shi da nisa sau nisa sau nisa. Bai yarda da hadda ba.

Wannan hali ya ci shi. Ɗan wani babba ya kwafi amsa ba tare da nuna aikin lissafin ba, Yaya ya ba shi sifiri. Aka ce ya gyara, ya ƙi. Aka tura shi firamare a Kebbe, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da ɗaya da ɗaya biyu. Waɗanda suka yi masa haka har ta'aziyya suka zo, suka ci tuwonmu.

Bana jikata Asabe ta nuna mini littafinta. Malaminsu ya rubuta musu wannan lissafin da nisa sau biyu kacal. Na taka har makarantar.

"Malam, wanga lissafi ba daidai ba na," na ce.

Ko kallon littafin bai yi ba. "Baba, hakanan shike cikin takardar amsa. Ku bari su ci jarabawa."

Na fito bakina da ɗaci. Da Yaya na raye, ban san wa zai fi tsana ba, malamin ko mu da muka zuba ido har aka kai nan.

Na zauna da Asabe muka bi lissafin layi-layi har ta gano da kanta. Ranar gwaji ta rubuta nisa sau uku, aka soke mata da jan biro. Malamin ya ce ta sake rubutawa yadda ya koyar, ya ba ta maki. Ta ce a bar mata sifirinta.

Ba ta taɓa ganin Yaya ba, ko a hoto. Allah ya jiƙan shi.